Daga Yawuri Zuwa Wara: Ranar Da Ruwa Ya Shigo Ta Ƙofar Fita

Ƙarfe bakwai da rabi na safe na isa bakin ruwa a Yelwan Yawuri. Watan Janairu ne, hazon hunturu ya lulluɓe Kogin Kwara har ba a hango tsallake. Duk da sanyin, tashar ta cika. 'Yan dako na ta jidar buhunan albasa, mata na kasa busasshen kifi a faranti, masunta na warware koma, ga ƙaurin man inji ya gauraye da ƙamshin ƙosai.

Wara za ni, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, gaisuwar wani abokina da aka yi wa rasuwa. Akwai mota, amma na zaɓi ruwa don na daɗe ina son ganin Tafkin Kainji da idona. Jirage iri biyu na tarar. Akwai manyan na katako masu ɗaukar mutane da dabbobi da babura, masu tafiya a hankali. Akwai kuma ƙananan na faiba masu inji a baya, waɗanda ke tsaga ruwa da gudu. Na shiga na faiba saboda ina sauri.

Mu goma sha biyu ne fasinja, sai direba da yaronsa. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya zo da buhu shida na albasa, aka jera su a baya kusa da inji. Yaron jirgi ya rarraba mana rigunan kariya. Wani saurayi ya ce shi ya iya iyo, ba ya buƙata. Direba bai ko dube shi ba, ya ce, "Samari, ko ka sa ko ka sauka." Ya sa yana gunaguni.

Ƙannena ɗalibai, abin da ya faru a wannan tafiya ya koya mini Fiziks fiye da yadda na koya a zango guda a makaranta, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin.

Kogin da ya zama tafki

Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya shafi iyakar Benin, sannan ya shigo Najeriya ta Jihar Kebbi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ruwa ya cika maƙil alhali rabon da a ga ruwan sama tun Oktoba. Dalili shi ne kogin yana cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, wanda ke ƙasaita wajen Satumba. Akwai kuma baƙin ruwa, wato ruwan saman da ya zuba a Gini, ya daɗe yana yawo a fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, sannan ya iso nan da hunturu. A kan baƙin ruwan muke tafiya ranar.

Da muka miƙa kudu, gaɓa ta riƙa ja da baya, kogi yana ƙara faɗi har ya zama tafki. Wannan tafki ba daɗaɗɗe ba ne. An fara gina Madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, domin samar da lantarki. Injinanta takwas an tsara su ne su ba da megawat 760. Da aka tare kogin, ruwa ya taru ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 1,300, aka tayar da mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu. Tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa yanzu, an gina wa mutanensa Sabuwar Bussa. A gaɓar tsohuwar Bussa ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, bayan ya wuce ƙasar Yawuri. A 1830 kuma wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka sauka a Yawuri kafin su bi kogin har teku.

Ba gidaje kaɗai ruwan ya haɗiye ba, har da dazuzzuka. Kututturan itatuwan da suka nutse suna nan tsaye a ƙasa har yau, wasu kansu a waje, wasu a ɓoye. Shi ya sa direbanmu ba ya tafiya a miƙe. Yakan kauce nan, ya rage wuta can, yana bin hanyar da shi kaɗai yake gani. Muka wuce tsibirai da Gungawa ke noman albasa a gefensu, muka wuce masu kwale-kwale suna jan taru, suna ɗaga mana hannu.

"Direba, ƙafata ta jiƙe"

Mun yi kamar sa'a guda muna tafiya sai wata dattijuwa da ke zaune a bencin baya ta ɗaga ƙafa ta ce, "Ɗan nan, wannan ruwan fa daga ina?"

Muka duba. Ruwa ne yake ɓullowa ta tsakanin katakan da muke takawa. Ni kuma sai na tuna tun ɗazu na lura hancin jirgin ya ɗaga sama, bayansa ya lotsa, inji yana ta kuka amma gudun ya ragu. Ban san ma'anar abin ba sai yanzu.

Bari in bayyana muku yadda cikin irin wannan jirgi yake. A ƙarƙashin daɓen da fasinja ke takawa akwai kwari, shi ne wuri mafi zurfi a jirgin. Duk ruwan da ya shigo, na sama ne ko na feshin igiyar ruwa ko na yoyo, can yake gangarawa ya taru. A jiragen katako yaro ake sawa yana kwarfe shi da yankakkiyar jarka. A namu kuwa mai jirgin ya sa wani ɗan famfo mai aiki da batir irin na mota, girmansa bai wuce gwangwanin madara babba ba. Yana zaune a can ƙasan kwarin, yana tsotsar ruwa ya tura shi cikin tiyo, tiyon ya fitar da shi ta wata ƙofa a gefen jirgi, sama da inda ruwan tafki ya tsaya.

Direba ya rage wuta, ya kasa kunne, sannan ya leƙa gefen jirgin. Ya ce wa yaronsa, "Ina jin kukan famfo, amma ba abin da ke fita. Ɗauko jarka."

Nan fa hankali ya tashi. Wata mata ta fara salati, mutum biyu suka miƙe za su koma gaba. Direba ya daka tsawa, "Kowa ya zauna inda yake! Wanda ya miƙe shi zai kifar da mu, ba ruwan nan ba." Muka zauna. Saurayin nan da ya iya iyo na gan shi yana ƙara ɗaure igiyar rigarsa.

Yaro ya ɗage katako ɗaya ya shiga kwarfa. Direba ya juya kan jirgi zuwa wani tsibiri da muke hangen hayaƙi na tashi daga cikinsa, yana tafiya a hankali. Minti goma sha biyar ɗin nan sun yi mini tsawon wuni.

Tambaya ta farko: me ya hana ruwa fita?

Tungar masunta ce, bukkoki kamar goma, da wurin bandar kifi. Muka sauka, aka sauke buhuna, aka ja jirgin zuwa inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Wani tsoho mai farin gemu ya bar gyaran komarsa ya zo ya tsaya yana kallo.

Na matsa kusa na ce, "Malam direba, in ba damuwa ina so in ga yadda za ka yi."

Ya ce, "Zo ka riƙe mini tocila. Tambaya biyu ce gabanmu. Me ya hana ruwa fita, kuma ta ina yake shigowa. In ka haɗa su wuri ɗaya sai ka rikice. Ɗaya bayan ɗaya."

Ya fara da kunne. Ya ce in famfo ya yi shiru gaba ɗaya, to matsalar wuta ce. Sai a duba batir ko yana da caji, a duba fiyus ko ya ƙone, a bi waya a ga inda ta tsinke ko ta yi tsatsa, domin mahaɗar waya da ke kwana cikin danshi ba ta daɗewa. Sannan a duba makunni. Irin wannan famfo yana da makunni mai iyo, wanda ruwa ke ɗagawa in ya taru, ya kunna famfo da kansa, in ruwa ya sauka ya kashe shi. Tsinke ɗaya in ya maƙale a ƙarƙashinsa ko a kansa ya isa ya hana shi motsi. Ya ɗaga makunnin da yatsa, famfo ya ɗauki kuka, ya sake shi, ya yi shiru. "Ka ji? Wuta lafiya, makunni lafiya. Mun rage zargi biyu."

Sai ya cire waya daga batir, ya danna wasu 'yan kunnuwa biyu, ya zare famfon daga mazauninsa. Mazaunin nan rariya ce, aikinta tace datti. Da na haska tocila sai ga ta a toshe: ɓawon albasa, ƙayar kifi, yashi, da guntun ledar fiya wata ya manne kamar an liƙa shi. Ya juya famfon ya nuna mini wata 'yar farfela a gindinsa. Ita ce ke juyawa da sauri tana watsa ruwa zuwa bakin tiyo. Zaren koma ya naɗe ta, tana juyawa da ƙyar. Ya ce da zaren ya ƙara yawa da ta tsaya cik, fiyus ya ƙone, ko famfon kansa ya ƙone in an yi gangancin ɗaura waya a madadin fiyus.

Ya tsince zaren da tsinke, ya wanke rariya, ya mayar da komai, ya haɗa waya. Famfo ya tashi da sabuwar murya. Muka zuba ido a ƙofar gefe. Ruwa ya fito, amma siriri, kamar na buta.

Yaro ya ce, "Oga, ya yi."

"Bai yi ba. Dubi ƙasa."

A cikin kwarin ruwa ne ke ta juyawa yana kumfa. Direba ya bi tiyon da hannu tun daga bakin famfo. Tiyon mai ƙwarya-ƙwarya ne, doguwa fiye da buƙata, tana kwance a ƙasa kamar maciji. Bai yi nisa ba ya tsaya. Kusa da zoben ƙarfen da ya ɗaure ta a bakin famfo, ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Rana da man fetur da jijjigar inji sun busar da robar har ta dare. Famfo yana tura ruwa, ruwa yana fita ta tsagar yana komawa inda ya fito.

Ya sa wuƙa ya yanke wurin da ya lalace, ya tura lafiyayyen baki a kan famfo, ya ɗaure zoben da sukudireba. Ya bi sauran tiyon yana duba ko ta lanƙwashe a wani wuri, ko wani lotsi ya tara iska ya hana ruwa wucewa. Da aka sake kunnawa, ruwa ya yi tsartuwa daga gefen jirgi da kauri. Cikin 'yan mintoci kwarin ya kusa bushewa.

Lissafin jarka

A jikin famfon an rubuta 1100, wato galan 1,100 a sa'a guda. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, ke nan kimanin lita 4,160 a sa'a. Na ce, "Ashe ƙaramin abin nan ƙato ne."

Direba ya yi dariya. Ya sa yaro ya cika jarka mai lita 25 ya juye a kwarin, ya ce in duba agogon wayata. Daƙiƙa 40 famfon ya ɗauka kafin ya kwashe.

Ku ɗauko biro mu lissafa tare. Lita 25 a daƙiƙa 40 daidai yake da lita 37.5 a minti ɗaya. A ninka da 60, ya ba da lita 2,250 a sa'a. Wato rabi da 'yan kai na abin da aka rubuta. Kamfanin bai yi ƙarya ba. Lambar da ke jiki ta famfon da ba a sa masa tiyo ba ce, ba ya ɗaga ruwa sama, kuma batirinsa a cike. Da zarar an ce ya hau da ruwa sama, ya bi ta doguwar tiyo mai ƙwarya-ƙwarya da lanƙwasa, ƙarfinsa sai ya ragu. Ku riƙe lambar nan ta 2,250, za mu dawo kanta.

Tambaya ta biyu: ta ina yake shigowa?

Fasinja suka fara cewa a tafi, rana na yi. Direba ya ce ba inda za shi sai ya san ƙofar da ruwa ya bi. Feshin igiyar ruwa kaɗai ba zai tara wannan ruwan a sa'a guda ba.

Aka tsane kwarin da tsumma har ya bushe. Sai ya roƙi matan tungar toka daga wurin banda, ya barbaɗa ta a ƙasan jirgin da jikin bangon baya. Dabarar ita ce, duk inda ruwa ya tsattsafo zai ja baƙin layi a kan farar toka, sai a bi layin zuwa tushensa. A teku masu jirgi kan ɗanɗana ruwan, in da gishiri daga waje ya shigo, in babu to na sama ne ko na tankin sha. A Kainji wannan dabara ba ta aiki, duk ruwan ɗaya ne.

Muka tsuguna muna jira. Ya fara duba toshiyar da ke can ƙasan bangon baya, wadda ake cirewa a tsiyaye ruwa in an fitar da jirgi tudu. Mantawa da ita, ko lalacewar robarta, ya sha nutsar da jirage. Tokar wurin a bushe take. Ya duba notocin da suka ɗaure inji, waɗanda suka huda bangon baya. Ɗaya yana ɗan gumi, ya ƙara masa ɗauri da sifana, amma ya ce wannan ko kwana ya yi ba zai cika kofi ba. Ya bi ƙasan jirgin da tocila yana neman tsaga, ko mun daki kututture ba mu sani ba. Babu. Minti goma, toka fara fat.

Ya tashi yana sosa ƙeya. Jirgin da ya kusa cika ɗazu, yanzu ko ɗigo.

Tsohon nan da ke tsaye tun ɗazu ya yi gyaran murya. "Yaro, jirgin da kake dubawa ba shi ne ya kawo ku ba."

"Kamar yaya, Baba?"

"Wanda ya kawo ku yana ɗauke da kaya. Wannan fanko ne. Mayar masa da kayansa ka gani."

Direba ya yi shiru, sannan ya ce a tura jirgin gaba kaɗan, a mayar da buhunan inda suke, mutum huɗu su zauna a baya. Ni ina tsaye cikin ruwa ina kallon ƙofar da tiyo ke fitar da ruwa. Da jirgi yake fanko, tana sama da ruwa da kamar taƙi guda. Buhu na farko, ta sauko. Na shida, saura yatsa biyu. Da mutane suka zauna, ruwa ya fara lasar bakinta. Direba ya taka gefen da ƙafa, kamar yadda bayan jirgi ke lotsawa in an ba inji wuta, ƙofar ta nutse. Nan take yaro ya yi ihu daga ciki, "Oga, ga shi nan!" Baƙin layi ya fito a kan toka, daga gindin famfon kansa.

Ashe ƙofar fita ce ta zama ƙofar shiga. Irin wannan famfo ba shi da marfin da ke hana ruwa komowa, in ba ya aiki ruwa na iya bi ta cikinsa da baya. Tiyon kuma tana kwance, daga ƙofar sai gangara zuwa kwari. Tun da muka bar Yawuri, duk lokacin da bayan jirgi ya lotsa, tafki yana ɗura mana ruwa ta tiyo. Ruwan ya kwaso ɓawon albasa ya toshe rariya. Nauyin ruwan ya ƙara danna bayan jirgi, ƙofar ta ƙara nutsewa, ruwa ya ƙara shigowa. Kowace matsala tana ciyar da 'yar'uwarta.

Direba ya ɗaga tsakiyar tiyon sama har ƙarƙashin leɓen jirgi, ya ɗaure ta da tsinken robar taya, yadda ruwan waje sai ya hau tudu kafin ya shigo. Amma ya ce wannan rabin magani ne. In ƙofar tana cikin ruwa kuma tiyo a cike take lokacin da famfo ya tsaya, ruwa zai iya zuƙowa ta kan tudun, kamar yadda 'yan bumburutu ke zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. Cikakken magani shi ne ƙofar ta zauna sama da ruwa. Wato a rage kaya.

Buhu uku

Ya juya wurin mai albasa. "Alhaji, sai haƙuri. Uku za mu ɗauka, mu sa su a tsakiya. Ukun su jira babban jirgi."

Alhaji ya ce bai san zance ba. Ya biya kuɗin buhu shida, gobe kasuwa, kuma ai famfo ya gyaru. Murya ta fara tashi. Direba ya ce laifinsa ne da ya karɓi kayan tun farko, zai mayar da kuɗin uku, amma ba zai tayar da inji da shida ba.

Dattijuwar da ƙafarta ta fara jiƙewa ce ta raba gardamar. Ta ce, "Alhaji, ni jikoki huɗu na bari a gida. In albasarka ta kwana a nan, gobe albasa ce. Mu in muka kwana a ƙasan ruwan nan fa?"

Ba wanda ya ƙara magana. Kowa a yankin nan yana tune da watan Mayun 2021, lokacin da wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya dare ya nutse kusa da Wara, mafi yawansu ba su tsira ba. Tsohon ya ce a bar buhunan a hannunsa, akwai jirgin katako da ke biyowa da la'asar. Alhaji ya karɓi lambar wayar ɗansa, aka rufe buhu uku da tabarma.

Abin da littafinku ya ce

Da muka kama hanya, jirgi ya kwanta daidai a kan ruwa, gudu ya dawo. Na zauna ina juya abin a raina.

Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, Akimidis, masanin nan Bagirke, ya gano cewa ruwa yana tura abin da ke cikinsa sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan duk kilon da aka ƙara wa jirgi, sai ya ƙara nutsewa har ya ture ƙarin lita ɗaya. Jarka takwas na ruwa a kwari kilo 200 ne, kamar an ƙara manyan mutane uku da ba su biya kuɗin jirgi ba. Kuma waɗannan fasinjoji ba sa zama wuri ɗaya. Jirgi na karkata, duk sai su kwarara can ɓangaren su ƙara karkatar da shi. Dalilin tsawar direba ke nan da mutane suka miƙe.

A ƙarni na 17 kuma wani masanin Italiya, Toricelli, ya nuna cewa saurin ruwan da ke bi ta huda ya dogara da zurfin hudar. A ninka zurfin da 2, a ninka da 9.8, a ɗauki tushen murabba'i. Mu ɗauki huda mai faɗin santimita 2.5, wadda ba ta kai murfin gorar lemo ba, a zurfin santimita 30. Saurin ruwan zai kai kimanin mita 2.4 a daƙiƙa. Girman bakin hudar murabba'in santimita 4.9 ne. In aka rage abin da gefen huda ke tauyewa, ruwan da zai shigo ya kai wajen lita 43 a minti, wato fiye da lita 2,500 a sa'a. Famfonmu kuwa 2,250 yake fitarwa, yana lafiya lau. Kun ga huda ɗaya ƙarama ta fi ƙarfinsa. Famfo lokaci yake saya maka ka nemo hudar ka toshe, ko da tsumma ne ko guntun icce, ka kai gaɓa.

Wara

Mun isa Wara bayan azahar, a makare da sa'a biyu. Daga bakin ruwa ana hango faɗin tafkin ya miƙe yamma, wajen tsibirin Foge, har ya haɗe da hazo. Mata na shanya warangi, ƙananan kifin nan masu ƙyalli, wani mutum yana cinikin giwan ruwa da ya kusa kai tsawon yaro. Kafin in wuce na ga direba ya aiki yaronsa kasuwa neman sabuwar tiyo mai santsin ciki. Ya ce mini gobe kafin ya ɗauki kowa sai ya ɗaga makunni da yatsa ya ga ruwa ya fita, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da yawa cikinku kuna hawa jirgi zuwa makaranta ko kasuwa ko hutu, a Kwara ko Binuwai ko wani gulbi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta sha yin gargaɗi a kan abu uku: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Ku ƙara da naku idon. Kafin ku shiga, ku dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da leɓen jirgi, in ta yi kaɗan ku jira na gaba. Ku duba ko akwai abin kwarfa, ko da jirgin yana da famfo. Kada ku yar da leda ko ɓawon gyaɗa a ƙasan jirgi, kun ga inda suke ƙarewa. In kun ga ruwa a ƙafarku ku faɗa da wuri, da babbar murya, ko da manya za su ce kun cika tsoro. Dattijuwar nan ba ta san Akimidis ba, amma maganarta ce ta sa muka juya tun da sauran lokaci.

Ga aikin gida. Ku samo gorar roba babba, ku huda ta da ƙusa wuri biyu, ɗaya kusa da gindi, ɗaya a tsakiya. Ku toshe hudojin da yatsa, ku cika ta da ruwa, ku bar bakinta a buɗe, ku ɗora ta a gefen tebur mai tsayi, sannan ku saki. Ku tara ruwan kowace huda a kofi dabam na daƙiƙa 10, ku gwada. Wace huda ce ta fi zubarwa, kuma me ya sa? Ku kai wa malaminku na Fiziks amsar, ku tambaye shi abin da hakan ke nufi ga jirgin da ya fara lotsawa.

Albasar Alhaji ta iso da magariba, buhu uku cif. Abokina ne ya gaya mini washegari, lokacin da yake raka ni tashar mota.